Abincin Ostareliya da na ɗanɗana

Jama'a, duk mai shirin zuwa Ostareliya ya shirya haɗuwa da Vegemite. Wani baƙin abu ne mai kauri da ake shafawa a burodi, ga gishiri kamar me, ɗanɗanonsa ya fi kusa da dunƙulen Maggi da aka narkar. A Melbon aka fara sayar da shi a 1923, daga ragowar yis na masana'antar giya ake yin sa, amma babu barasa a ciki, har shaidar halal yake da ita. Sirrinsa shi ne a fara shafa bota sosai a gasasshen burodi, sannan a ɗan goga shi sama-sama. Masu masaukina kullum da shi suke karyawa, har yara ƙanana. Ni dai sai a hankali.

Wanda ya tafi da ni shi ne lamington: kek mai laushi da aka tsoma a cakulan aka barbaɗe da kwakwa. Da shayi mai zafi, ba a magana! Biskit ɗin Anzac ma ba laifi, na hatsin ot ne da kwakwa, ba ƙwai a cikinsa, shi ya sa yake daɗewa bai lalace ba.

Pavlova kuwa, wani kayan zaƙi da ake yi da farin ƙwai da sukari, har yau 'yan Ostareliya suna jayayya da mutanen Niyu Zilan kan wa ya ƙirƙiro ta. Zaƙinta ya yi mini yawa.

Naman kangaru yana nan a manyan kantuna, ja wur, ba kitse. Kallonsa kawai na yi na wuce wurin mahaucin halal na sayi na rago.