Fim ya ci kyauta a Cannes, to sai me?

Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya game da finafinan nan da ake cewa sun ci kyauta, yau dai bari in amayar da shi ko na huta. Da zarar an ce fim ya ci Oscar ko ya ɗauko wani abu a Cannes, babban bikin finafinan nan na Faransa, shikenan an toshe bakin kowa, in ka kalla ka ce bai yi maka ba sai a yi maka wani irin kallo a ce ai ba ka gane ba ne, na masu zurfin tunani ne. Haba jama'a. Mutum ya zauna awa biyu da idonsa da kunnensa, barci na ta fizgarsa, sannan a ce kansa ne bai ja ba.

Su wa ke ba da kyautar ma tukuna? A Cannes alƙalan babbar gasar yawanci mutum 9 ne, su kalli finafinai wajen 20 cikin ƙasa da sati biyu, su shiga ɗaki su fito da suna. Oscar kuma 'yan ƙungiya ne wajen dubu goma, mafi yawansu a Amurka suke, kuma kamfanoni na zuba miliyoyin daloli wajen kamfen don a zaɓi fim ɗinsu, har yau ana maganar yadda furodusa Harvey Weinstein ya yi ta bugun ganga sai da Shakespeare in Love ya kayar da Saving Private Ryan a 1999. Na fi jin daɗin ta 2022 ma, da mujallar Sight and Sound ta Ingila ta tambayi masu sharhi fiye da 1,600 wane fim ne ya fi kowanne a tarihi, suka ɗora Jeanne Dielman a sama, fim ɗin wata 'yar Beljiyam Chantal Akerman na 1975, sama da awa uku, mace na feraye dankali tana wanke-wanke tana gyara gado kana kallo. Na san abin da ake so a nuna, wahalar aikin gida da ba a ganin ta, kuma ƙarshensa akwai tashin hankali, amma da na ba Inna labari cewa ta yi in feraye dankali ne fim ita ma a turo mata mai kyamara gobe da safe.

Waɗancan dai nasu ne can. Mu dawo Njamena, don nan ne abin ya fi damuna.

Mahamat-Saleh Haroun, mai shirya finafinai, namu ne, haifaffen Abeche, kuma duk wanda ya ce bai ɗaga sunan Chadi ba ya yi son kai. Fim ɗinsa Daratt ya ci kyautar musamman ta alƙalai a Venis a 2006, Un homme qui crie ya ci kyautar alƙalai a Cannes a 2010, Grigris ya shiga gasar a 2013, Lingui a 2021, har minista ya riƙe daga 2017 zuwa 2018. Duk mun yi murna, ni ma na yi. Amma ka shiga unguwar Ridina ko Digel ka tsayar da mutum goma ka ce wa ya kalli ɗaya daga ciki har ƙarshe, za ka ga ana sosa ƙeya. Sunan kowa ya sani, fim ɗin ne ba a gani ba.

Wani dare na sa wa mutanen majalisarmu Un homme qui crie a kwamfuta, wajen mai shayi, an ɗora ta kan benci an tokare da bulo, gurup ɗin maƙwabci, wato janareta, na ta ƙugi. Farko kowa ya nutsu saboda ana ganin garinmu, wannan ya ce ai na san titin nan, wancan ya ce ga irin babur ɗin nan mai kujera a gefe. Labarin kuma mai ƙarfi ne wallahi, Adam tsohon zakaran ninƙaya mai kula da wurin wanka a otal, sababbin masu otal ɗin suka mayar da shi mai gadin ƙofa suka ba ɗansa Abdel aikinsa, sai baƙin ciki da matsin lambar kuɗin yaƙi suka sa ya bari aka tafi da yaron soja. Uba ya ba da ɗansa fa. Amma da aka zo inda kyamara ta tsaya kan fuskar dattijon tana matsowa a hankali a hankali, ba magana ba motsi, sai ƙaramin cikinmu ya ce "Yaya don Allah ɗan tura shi gaba mana", mai shayi kuwa ya leƙo yana fifita gawayi ya ce ko ya maƙale ne. Wani kawunmu da ya tsallaka gadar Ngeli zuwa Kusuri da iyalinsa a Fabrairun 2008, lokacin da 'yan tawaye suka shigo gari, bai ce komai ba sai da aka gama, ya ce "Ɗana, mai fim ɗin nan ya san ciwon, amma gidan da aka ɗauke wa ɗa ba ya yin shiru haka, ina maƙwabta, ina gwaggwanni, ina masu zuwa jaje?"

Abin da nake ta son faɗa kenan na rasa bakin. A finafinan da ke cin kyauta mutanenmu ba sa magana. Mu da gaisuwa kaɗai ke cin minti biyar, ya gida ya yara ya zafi ya mai jiki, a yi da Hausa a juya da Larabci a ƙarasa da Faransanci, mu da ake ciniki a kasuwar Dembe kamar za a dambace sannan a rabu ana dariya, sai ka gan mu a allo mun zama wasu bayin Allah masu zama jugum suna kallon nesa. Ni a ganina hanyar kuɗin ce ta kawo haka. Finafinan nan da kuɗin Faransa da Beljiyam da makamantansu ake yin su, wanda zai fara karanta labarin ya sa hannu ba a Njamena yake ba, wanda zai fara kallo ma haka, kuma shi fassara yake karantawa a ƙasan allo, to surutunmu da barkwancinmu da habaicin matanmu ba sa tsallake fassara, amma shiru da rairayi da fuskar mai baƙin ciki ko'ina ana gane su. Ban ce wani ya zauna ya ƙulla makirci ba, a'a, kowa dai ya san abin da ke shiga a can sai ya riƙa yin irinsa, masu sharhi su rubuta cewa akwai natsuwa da zurfi, mu kuma a kawo mana yabon tun kafin a kawo mana fim ɗin.

Daratt kam ba na yarda a taɓa shi, ko da yake shi ma wani biki a Vienna na cikar Mozart shekara 250 da haihuwa na cikin waɗanda suka sa kuɗi. Can shirun yana da dalili. An sanar a rediyo an yi wa masu laifin yaƙi afuwa, kaka makaho ya miƙa wa jikansa Atim bindiga ya ce je ka nemo wanda ya kashe ubanka, yaron ya zo ya tarar da mutumin mai gidan burodi ne, maƙogwaronsa ya lalace sai ya kanga wata 'yar na'ura a wuya kafin murya ta fito, kullum da safe yana raba wa yara burodi a ƙofa. Ya ɗauki yaron aiki bai san ko wanene ba. Suna cuɗa ƙullu gefe da gefe, zufa na zuba, bindiga na jikin yaron, to a nan me za a ce? Kai mai kallo ma numfashinka a riƙe yake. Wannan ya ci kyautarsa halal. Matsalar ita ce masu yabon ba sa bambancewa, wanda shirunsa ke cike da wanda shirunsa fanko ne duk tafi ɗaya ake musu, kalmomi ɗaya ake rubutawa, in ka cire sunan fim ɗin daga sharhin ka liƙa wani ba wanda zai lura.

Amfanin kyautar da na gani da idona guda ne, bayan ta Cannes da 'yan watanni, farkon 2011, aka sake buɗe sinimar Normandie da ta yi shekaru a rufe, lokacin da maƙwabtanmu Kamaru suka rufe manyan gidajen sinimarsu uku na ƙarshe tun 2009. Sai da Turawa suka tafa kafin manyanmu suka tuna akwai wani abu wai shi sinima, wannan ma abin a zauna a yi magana ne wata rana.

Kada 'yan Kannywood su ji daɗi su ce na rama musu, ku ma kuna da naku. Can alƙalai tara ne, nan kuma TikTok ne da Facebook, tun ba a gama ɗauka ba an fara "fim ɗin shekara", "ba a taɓa yin irinsa ba", jarumai na ta tura wa juna gaisuwa, ka sayi data da sefarka mai wuya ka buɗe YouTube ka tarar minti goma na farko talla ne, sai a nuna mota ta shigo gida, mai gadi ya buɗe ƙofa, ya rufe, Alhaji ya fito, ya gyara babbar riga, ya taka har falo ba a yanke ko taku ɗaya ba. Su aƙalla suna magana, har ta yi yawa ma. Akwai wanda matan gidanmu ke bi yanzu, an wuce kashi na 40, kuma auren da aka sa rana tun kashi na 6 har yau ba a ɗaura ba.