Yau dai Commodore 64 ɗin nan ta buɗe ido

Asabar. Hunturu ya sauko sosai, tun asuba hazo ya rufe gari, ni kuwa ina dawowa daga masallaci na shimfiɗa tsohuwar jarida a kan tebur na ɗauko Commodore 64 ɗin da na tsinta cikin kayan gwanjo a kasuwar Sabon Gari. Mai kayan ya ɗauka kibod ce kawai da ta rabu da kwamfutarta, ai dole, wanda bai san ta ba haka zai ce, alhali kuwa kwamfutar gaba ɗayanta tana ƙarƙashin maɓallan nan, talabijin kawai take nema. Ƙirar Ingila ce, filoginta mai ƙafa uku irin namu, kuma tsarin hotonta PAL ne, wanda shi talabijin ɗinmu na nan suke amfani da shi, da ta Amurka ce da sai na fara neman tiransifoma da tibin da zai karɓi NTSC.

Abu na farko ban jona ta ba. Duk wanda ya shiga harkar nan ya san adaftar wutarta, baƙin tubalin nan mai nauyi, ita ake fara tuhuma. Wuta iri biyu take bayarwa, bolt 5 na DC da bolt 9 na AC, kuma cikinta a cike yake da wani ƙaro da ya daskare, ba a iya buɗewa a gyara, zafi yana taruwa a ciki shekara da shekaru, in abin da ke daidaita bolt 5 ɗin ya tsufa sai wutar ta riƙa hawa a hankali ba wanda ya sani, ta shiga kai tsaye ta ƙone aisi-aisin RAM, wato ƙananan baƙaƙen sassan nan masu ƙafafu da ke zama ƙwaƙwalwar ajiyar kwamfutar. Na sa mita a bakin filogin DIN ɗin, mai zagayen nan da ke shiga jikin kwamfutar, sai ga ta tana neman kai bolt 6. Wallahi sai da gabana ya faɗi, don ban san ko wani ya riga ya gwada ta da wannan adaftar a kasuwa ba kafin ta zo hannuna. Abin da ke min ciwo kenan da kayan nan, na'ura ta yi shekara arba'in lafiyarta ƙalau a ajiye, sai zumuɗin minti biyu ya kashe ta.

Da hantsi na tafi wajen dattijon nan mai gyaran rediyo na bakin layinmu, tun ina yaro yake wurin. Na ce Baba ina neman tiransifoma mai ba da bolt 9, amma AC nake so, kar a juya min ita. Ya sauke tabarau ya dube ni, ya ce ɗana me za ka yi da ita haka tsurarta? Na yi masa bayani cewa kwamfutar da kanta take ɗaga wutar zuwa bolt 12 don aisin hoto da na sauti, kuma da bugun wutar, 50 a daƙiƙa, agogon cikinta yake ƙirga lokaci. Ya jinjina kai, ya tona wani kwali ya zaro guda daga cikin tsohuwar rediyo mai kaset, ya ƙi karɓar kuɗi, ya ce in ta tashi dai a kawo masa ya gani. Na ce in sha Allah Baba, Allah ya ƙara girma. Bolt 5 ɗin kuwa caja mai kyau mai amfiya 2 ta wadatar, na yanke wayar tsohuwar adaftar na haɗa su cikin wani akwatin roba, na auna kowace ƙafa kafin in yarda.

Na jona, ƙaramar jar fitilar ta kama, talabijin baƙi ƙirin.

To nan ne aikin yake. Baƙin allo a C64, wato Commodore 64, ba ya nuna maka ɓarawo, kusan komai na iya jawo shi, PLA mai raba wa aisi-aisin hanya, RAM, ROM mai ɗauke da umarnin tashi, firosesa 6510, har aisin hoton VIC-II. Na kwance sukurori uku na ƙasa na ɗaga murfin, fanel ɗin, wato farantin da aisi-aisin suke kai, lamba 250407 ne, ƙura ta yi masa lulluɓi amma ba tsatsa. Kafin in taɓa komai sai da na ɗaura wayar asin a hannu, mai sauke wutar jiki zuwa ƙasa, don lokacin hunturu ko ƙofar mota ka taɓa sai ta ja ka, kuma wannan 'yar wutar jikin ta isa ta kashe aisi, musamman aisin CIA 6526 guda biyun nan, masu kula da kibod da ƙofofin jona kaya, da ba sa jure ta ko kaɗan. Na fara zare SID, aisin sauti, na ajiye gefe cikin takardarsa, kwamfutar tana tashi ba shi, kuma shi ne abu mafi wuyar samu a jikinta yanzu, an daɗe da daina ƙera shi. Na sake kunnawa na bi aisi-aisin da bayan yatsa. VIC-II da ɗumi, wannan halinsa ne, amma ɗaya daga cikin na RAM kan in ƙirga goma ya yi zafin da ba a iya barin yatsa a kai.

Zafi dai alama ce, ba hujja ba, shi ya sa na ɗauko katirij ɗin gwaji mai suna Dead Test, wanda ake cusawa a bayanta. Amfaninsa shi ne ba ya jiran ROM ɗin kwamfutar, da kansa yake tashi, in RAM ta lalace sai allon ya riƙa walƙiya fari, yawan walƙiyar ya nuna maka wane aisi ne. Walƙiya ɗaya yake yi ya tsaya, ya sake, wato aisin RAM da ke gurbi mai lamba U12 a fanel, kuma shi ne dai mai zafin nan. Abin da ke burge ni a tsarin shi ne aisi takwas ne samfurin 4164, kowanne bit ɗaya tak yake riƙewa daga cikin kowane bait, shi kuwa bait bit takwas ne, takwas ɗin suka haɗu suka ba da 64K, don haka in ɗaya ya mutu ba wani yanki ne ya tafi ba, kowane lungu na ƙwaƙwalwar ya samu giɓi, firosesa ba shi da inda zai ajiye ko lamba ɗaya ya same ta daidai.

Ina ɗora ƙarfen soda aka ɗauke wuta, na koma kan inbata. Cire aisi mai ƙafa 16 daga fanel mai fuska biyu aiki ne na haƙuri, in ka ja da ƙarfi layin tagullar ya biyo ka. Tunda mataccen ne sai na datse ƙafafunsa da filaya mai yanka na zare su ɗaya-ɗaya, na zuƙe dalmar, na goge da sifirit, na dasa soket don duk wanda zai gyara ta bayana ya huta, sannan na sa wani 4164 da na ciro daga wani mataccen fanel da nake ajiye da shi saboda irin wannan rana. Aka kira la'asar na tafi, na dawo na bi layukan da mita tukuna.

Na kunna, sai ga shuɗin allo da rubutunsa, 38911 BASIC BYTES FREE, ƙasa READY, ɗan murabba'in yana ƙyaftawa. Alhamdulillahi. Na jima zaune ina kallo. An fito da samfurin nan a 1982 kan dala 595, gudunta bai wuce megahaz ɗaya ba, kamfanin da Jack Tramiel ya kafa ya durƙushe tun 1994, amma littafin da ya bayyana yadda take aiki har da taswirar wayoyinta yana nan kowa na iya karantawa, mutum ɗaya da mita da ƙarfen soda zai iya bin ta daga filogi har allo ya gane me kowane aisi yake yi. Wayar da ke aljihuna ta ninka ta ƙarfi ba iyaka amma ba zan taɓa saninta haka ba, kuma wannan sanin ne yake zaunar da ni kan teburin nan.

Ɗan yayata ya shigo ya ce Kawu ina gem ɗin? Na ce zauna ka rubuta da kanka. Na karanta masa POKE 53280,0 ya danna RETURN, gefen allon ya koma baƙi nan take, ya sa 2 ya koma ja, ya sa 7 ya koma rawaya, daga nan ban sake samun kujerar ba sai magariba, tambaya yake ta yi me ya sa wannan lambar ce ba wata ba, na ce masa adireshi ne a cikin aisin hoto, abin da ka ajiye a wurin shi ne launin.

Bayan isha na kashe, na mayar da SID, samfurin 6581 ne, aikin Bob Yannes, murya uku gare shi. Na rubuta 'yan layuka na gwada su ɗaya bayan ɗaya, duka ukun sun yi magana, tsaf. Saura kibod, harafin A da maɓallin sifes sai an danna da ƙarfi, datti ne a ƙasan robar, sai na cire sodar wayoyi biyun SHIFT LOCK sannan in bi ƙananan sukurorin bayan nan masu yawa in goge. Wannan sai gobe da rana in akwai haske, in na gama in naɗe ta a zani saboda ƙura in kai wa Baba ya gani.