Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da ciwon ya samu suna

Makon jiya mun tsaya a inda Yaya ya ce ya gaji da zagayen masu magani, gobe sai babban asibiti. A lokacin jiki ya riga ya yi nisa. Ni tela ne a Fagge, da ƙafa nake neman abinci, amma taka keken ɗinki ya gagare ni. Silifa kan zame mini a hanya ban sani ba, sai yaro ya biyo ni da ita. In na yi sujada, tashi sai da dafa bango. Daga baya hannaye suka bi sahu, zura zare a allura da ɓalla maɓallin riga duk sai Maman yara. A unguwa kuwa kowa da ganinsa: wasu sun ce shanyewar ɓarin jiki ce, Hajiya ta kafe a kan jifa ne.

Likitan jijiyoyi ya ɗauko wata ƴar guduma mai kan roba ya ƙwanƙwasa ƙasan gwiwata. Ko motsi ƙafar ba ta yi ba. Ya gwada a gwiwar Yaya, tasa ta yi tsalle, har dariya ta kusa kama ni.

"Malam, tun yaushe abin yake ƙaruwa?"

"Tun kafin azumi, Likita, ga shi har alhazai sun dawo."

Ashe wannan amsa ita ce rabin aikin. Ya ce shanyewar ɓarin jiki farat ɗaya take zuwa, gefe guda take kamawa, nawa kuwa hagu da dama ne daidai, kuma a hankali. Akwai wani ciwon mai kama da nawa, Guillain-Barré, wanda likitocin Faransa suka bayyana a 1916, amma shi cikin mako 4 yake kai ƙarshen tsananinsa. Wanda ya wuce mako 8 yana gaba, ko ya lafa ya dawo, shi ake kira CIDP, wato ciwon jijiyoyi mai daɗewa, kuma shi yake zaton yana damuna.

Ya nuna mini wayar fankar ofishinsa. Jijiyoyin da ke kai saƙo hannu da ƙafa, in ji shi, suna da rufi kamar robar nan, sunansa miyelin. Garkuwar jikina ce ta rikice take cin rufin, sai saƙo ya riƙa tafiya da ƙyar ko ya tsaya a hanya. Ba a ɗaukarsa daga wani, don haka Hajiya ta kwantar da hankalinta game da jikoki.

An yi gwaje-gwaje. An duba suga, tunda shi ma yana lalata jijiyoyi. An manna mini wayoyi a hannu da ƙafa ana sakin ɗan lantarki don auna saurin saƙo. Wanda na fi tsoro shi ne ɗebar ruwan ƙashin baya, saboda maganganun da ake yi a gari cewa yana gurgunta mutum. Na kwanta na duƙunƙune, aka ɗiba, na tashi lafiya lau sai ɗan ciwon kai. Sakamakon ya nuna furotin ya yi yawa a ruwan, ƙwayoyin jini kuma kaɗan, abin da likita yake zato ke nan.

Magani iri 3 ya lissafa: ƙwayar firednisolon, ko ƙarin ruwan IVIG da ake tacewa daga jinin masu bayarwa, ko wanke ruwan jini da na'ura, kuma ko wanne aka ɗauka sai an haɗa da gashin ƙashi. Da ya faɗi kuɗin IVIG, wanda kuma ake maimaitawa bayan ƴan makonni, Yaya cire hula ya yi ya share gumi. Muka zaɓi ƙwaya. Likita ya ja mini kunne: tana kumbura fuska, tana ɗaga suga da hawan jini, kuma ko na ji sauƙi kada in kuskura in daina ta rana ɗaya, a hankali ake rage ta.

Yadda muka kwashe da Hajiya kan haɗa ƙwayar da jiƙe-jiƙenta, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.