NIN da BVN kaɗai ba za su hana cin kuɗin tallafi ba

Tun da gwamnatin tarayya ta ce ba mai karɓar kuɗin tallafi sai an haɗa sunansa da NIN ko BVN, wasu a nan Bauchi suke ta murna wai an toshe kafar sata. Ni kam da sauƙi dai.

Eh tantancewar tana da amfani, ba na musu. Kowa ya san yadda ake cika lista da sunayen bogi, mutum ɗaya layin waya biyar, ga sunan matarsa ga na ƙannensa, har wanda ya daɗe da rasuwa sai ka ji alat ya shigo masa. NIN zai rage wannan tunda yatsan mutum ɗaya ba ya zama na mutum biyu.

Amma ku tuna Janairun 2024. Tinubu ya dakatar da ministar jinƙai Betta Edu kan zargin naira miliyan 585 da aka nemi a tura asusun da ba na gwamnati ba, an dakatar da Halima Shehu shugabar NSIPA, hukumar da ke kula da shirye-shiryen tallafin, EFCC ta gayyaci tsohuwar minista Sadiya Umar Farouq, sannan aka tsayar da N-Power da ciyar da 'yan firamare da rabon kuɗin gaba ɗaya na mako shida. To wannan badaƙalar a Abuja aka yi ta fa, ba a Darazo ko Alkaleri ba, kuma ba rashin NIN ne ya kawo ta ba.

Wadda tantancewar ke kamawa da gaske ita ce tsohuwar ƙauye. Naira 25,000 ne a wata har wata uku aka yi alkawari ga gidaje miliyan 15, amma ita a NIN an rubuta Hauwa'u a banki kuma Hauwa, shekarar haihuwa ma wani yaro ne ya ƙiyasta mata ranar rajista, shikenan kwamfuta ta ce ba ita ba ce. Sai ta biya kuɗin mota zuwa gari, ta yini a layi, a ce mata "Baba ba netwok, ki dawo jibi". In Allah ya sa kuɗin ya fito mai POS ya yanki nasa, wanda ya saka sunanta ma yana jiran na goro.

Ni da za a ji ta tawa, a liƙa listar kowace gunduma a ƙofar gidan mai unguwa da bangon firamare, suna da unguwa ƙarara. Mutanen unguwar Wunti sun san wa ke da shago biyu a kasuwar Muda Lawal, ba sai kwamfuta ta faɗa musu ba.