Ɗinkin Kayan Tosca a Ƙaramin Shagonmu

Ƙaramin shagon ɗinki gare ni a arewacin Italiya, kuma mafi yawan aikinmu kayan 'yan wasan dandamali ne. A bana wani gidan wasa na lardi ya ba mu ɗinkin kayan Tosca, wasan opera na Giacomo Puccini wanda aka fara nunawa a gidan wasa na Costanzi da ke Roma ranar 14 ga Janairu, 1900. Opera wasan kwaikwayo ne da galibi ake rera shi da waƙa daga farko har ƙarshe, ba tare da makirufo ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya bambanta ɗinkinsa da kowane irin ɗinki.

Labarin ya faru ne a Roma a watan Yunin 1800, lokacin da ake farautar masu goyon bayan jamhuriya. Mai zane Cavaradossi ya ɓoye wani fursunan siyasa, Angelotti, sai shugaban 'yan sanda Scarpia ya kama mai zanen ya sa aka azabtar da shi, sannan ya ce wa masoyiyarsa, mawaƙiya Tosca, ta ba shi kanta in tana son a bar shi da rai. Daraktan wasan ya ɗauke labarin ya kai shi 1944, zamanin da sojojin Jamus suka mamaye Roma. A ganina dabarar tana da rauni, domin har yanzu baitocin suna kawo labarin nasarar Napoliyon a yaƙin Marengo na 1800, amma ba tela ake tambaya ba. Abin da ya shafe mu shi ne mun ajiye dogayen rigunan zamanin Napoliyon masu ɗamara a ƙarƙashin ƙirji, muka koma ga kwat na ulu da faffaɗar kafaɗa.

Awo shi ne inda sabon tela ke faɗuwa. Haƙarƙarin mawaƙi yana buɗewa sosai idan zai ɗaga murya ta rinjayi makaɗa, saboda haka sau biyu nake auna ƙirji, da farko yana tsaye kawai, sannan bayan ya ja numfashi iyakar ƙarfinsa. Muna kuma barin rarar yadi a cikin kowane ɗinki, domin sau da yawa mawaƙa biyu ne ke karɓa-karɓa a matsayi ɗaya, kuma da wuya jikinsu ya zo daidai.

Kwat ɗin Scarpia ne ya fi cin lokacinmu. Da farko na zaci a yi masa baƙin yadi mai kauri don ya ba da tsoro, amma mai tsara kayan ta ƙi, kuma daga baya na ga gaskiyarta. Mutumin nan yana zaune a fadar Farnese yana cin abincin dare da giya a gabansa, alhali ana jin ihun wanda ake azabtarwa a ɗakin kusa, don haka dole kayansa su fi na kowa kyau, da shafi na siliki, ba ko alamar yamutsewa. Da muka gan shi a ƙarƙashin fitilu, tsabtarsa ce ta sa tsigar jikina ta tashi. Kayan Angelotti kuwa, bayan mun ɗinka su da kyau, mu da kanmu muka goge su da samfefa, muka tsoma su cikin ruwan shayi har suka yi kama da na wanda ya daɗe a kurkuku. Yaran shago sun yi ta jin takaicin hakan.

Fararen rigunan Cavaradossi da yawa muka yi, saboda kullum sai jinin bogi ya ɓata ɗaya. Kashi na farko kuma yana ƙarewa ne da jerin gwanon coci, inda limamai da yaran mawaƙa ke cika dandamali, kuma kowannensu sai an yi masa guga.

Matsalar da ba mu hango ba ta fito ne a gwajin ƙarshe. Bayan an harbe Cavaradossi da gaske, duk da alkawarin da Scarpia ya yi wa Tosca cewa harbin na bogi ne, Tosca takan faɗa daga saman ganuwar kurkukun Castel Sant'Angelo, wato ta dira kan katifun da aka jera a bayan dandamali. Gefen doguwar rigarta ya maƙale a matakala, har ta yi turus makaɗa suna ci gaba. A daren muka kwance kalmasar, muka rage tsawon, muka saka ƙananan dalma a ciki don kada rigar ta tashi sama idan ta dira. Sai gab da asuba muka kashe keken ɗinki.