Duniyar Mars a bayan garin Birnin Kebbi

Bidiyon biki da na suna ne ke riƙe da shagona, sai ɗan tallan 'yan kasuwa. Mu huɗu ne, da kyamara biyu da kwamfutar tace hoto. Abin da ya yi saura bayan kuɗin haya da man janareta shi nake zubawa a gajerun finafinan sararin samaniya da muke ɗorawa a YouTube.

Mutane sun ɗauka sai mai miliyoyi ke irin wannan fim. Ni a gani na, wanda ya san yadda samaniya take ya rage rabin kashe kuɗi. Duniyar Mars ja ce saboda tsatsar ƙarfen da ke cikin ƙasarta, samanta kuma ƙura ta rine shi. To mu da muke da marmara da hazon hunturu, me za mu saya? Mukan jira Janairu mu fita wajen gari inda ba bishiya, ba turken lantarki. Akuya ce kawai matsala, ita ba ta san an fara ɗauka ba. Rigar ɗan sama jannati tela ya ɗinka, kan kuma hular kwano ce ta 'yan babur da muka fesa wa farin fenti.

Gardamarmu ta fi yawa wajen sauti. Yaron da ke tace mana ya cika jirgin sararin samaniya da rugugi, na ce ya cire, don inda babu iska sauti ba ya tafiya. Ya ce, "Maigida, ai za a ce sifikar waya ce ta lalace." Muka bar numfashin jarumin kaɗai a cikin hular, kuma ya fi rugugin ban tsoro.

Wurin da 'yan kallo suka fi magana a kai bai ci mana ko kwabo ba. Saƙon rediyo daga nan zuwa Mars yana ɗaukar minti 3 zuwa 22, gwargwadon nisan da ke tsakani a lokacin. Sai muka sa uwa a Argungu ta ce wa ɗanta da ke Mars, "Ka kwana lafiya?" ta zauna kan tabarma, ta tsince shinkafa, ta ɗora tukunya, kafin "Lafiya lau, Inna" ta iso. Bahaushe da ya saba jera gaisuwa ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan jiran.

Yanzu fim ɗin duniyar wata muke son yi, inda nauyin mutum ke komawa kashi ɗaya cikin shida. Mai walda na kan haɗa mana ƙarfen da zai ɗaga jarumin, muna kan ciniki.