Talata: muryata ta yi rawa, amma na kai ƙarshe

Yau ne aka sa ni gabatar da rahoton sashenmu a gaban manya, abin da na daɗe ina kauce wa. Tun da na fara aikin nan, duk lokacin da aka nemi wanda zai tashi ya yi bayani sai in sunkuyar da kai in kama duba takarda har a ambaci sunan wani. Wannan karon babu wurin ɓuya, domin ni na tattara alƙaluman, ni na rubuta, kuma wanda ya saba tashi yana hutu. Barcin jiya rabi da rabi na yi shi. Na wayi gari cikina yana murɗawa, tafin hannuna yana gumi, ga wata murya a cikin kaina tana maimaita abin da ta saba: za ka kakare, yau za su gane ba ka iya komai ba.

Abin da ya riƙe ni da safen nan wani wasan bidiyo ne da nake bugawa a 'yan makonnin nan, sunansa Celeste. A watan Janairun 2018 ya fito, kuma wata ƙaramar tawaga ce a Kanada ta yi shi. Labarinsa gajere ne: wata budurwa mai suna Madeline ta ƙudura sai ta hau wani dutse har ƙololuwarsa, ko ita kanta ba ta gama sanin dalili ba. Tana fama da damuwa da fargaba. A farkon hawan sai wani ɓangare nata ya fito daga cikin madubi, kamarsu ɗaya sak, sai dai wannan mai jajayen idanu ce, ta yi ta bin ta tana ce mata ta haƙura ta koma gida, ita ba mai hawan dutse ba ce. Ranar da na fara ganin wurin nan sai da na ajiye wasan na yi shiru, domin na san muryar. Da ita nake kwana, da ita nake tashi.

Akwai wani wuri a ƙarshen babi na huɗu da Madeline da abokin tafiyarta Theo suka shiga wani ɗan keke mai tafiya a kan igiyar waya, can sama tsakanin tsaunuka, sai ya tsaya cak a tsakiya. Numfashinta ya sarƙe, ta rikice. Theo ya ce mata ta rufe ido ta ƙaddara akwai gashin tsuntsu a gabanta, kuma numfashinta ne ke riƙe shi a iska. A nan wasan yake miƙa maka aikin: kai ne za ka riƙa danna maɓalli a hankali, gashin ya ɗaga, ka saki, ya sauko, har bugun zuciyarta ya daidaita. Da yatsana na koyi wannan numfashin, shi ya sa bai ɓace mini ba. Ina tsaye a bakin ɗakin taro yau, saura 'yan mintoci a kira ni, na rufe ido na yi shi. Tsoron bai tafi ba, amma ya ragu har na iya tura ƙofa.

Bayanin da kansa babu wani abin a zo a gani a cikinsa. Muryata ta yi rawa a shafi na farko da na biyu, na ji ta da kunnena. A na uku ta fara zama. Wani daga cikin manya ya yi mini tambayar da ban shirya mata ba, na ce masa zan duba in kawo amsa gobe, ya gyaɗa kai, aka wuce. Na kai shafin ƙarshe, na ce na gode, na zauna. Ƙafafuna sun daɗe suna karkarwa a ƙarƙashin tebur. Alhamdu lillahi.

Da yamma na kira Yaya na ba shi labari, har da zancen gashin tsuntsun. Ya taya ni murna sosai, sannan ya ce, “Kai dai ƙanena, ka yi ƙoƙari da kanka, kada ka ba wasan yara ladan da yake naka.” Na ce, “Yaya, ai ba raba ladan nake yi ba, ina gaya maka inda na koyi tsayuwa ne.” Ya yi dariya ya ce shi fim ne ya yi masa irin wannan lokacin da yake saurayi, kuma na san wanda yake nufi tun kafin ya faɗa, domin tare muka kalle shi ina ƙarami: Rocky, na 1976, wanda Sylvester Stallone ya rubuta kuma ya fito a ciki.

Mutane da yawa suna tuna fim ɗin nan kamar labarin wanda ya ci dambe. Bai ci ba. Ɗan damben unguwa ne a Filadelfiya da aka ba shi damar karawa da zakaran duniya, kuma a daren da za a wayi gari a yi wasan ya gaya wa budurwarsa cewa ya san ba zai iya doke mutumin ba, burinsa kawai a kaɗa ƙararrawar ƙarshe yana tsaye da ƙafafunsa. Haka aka yi. Ya kai turmi na 15, fuska a kumbure, alƙalai suka ba abokin karawarsa nasara da rinjaye, shi kuwa ko sauraron sanarwar bai tsaya yi ba. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar ta fim mafi kyau a bikin 1977. A ganina abin da ya sa ya zauna a zukatan mutane shi ne ya sauya musu ma'auni. Yawancinmu ba za mu taɓa zama zakaru ba, amma kowa yana da turminsa na 15 da yake tsoron ba zai kai ba. Nawa na yau shafin ƙarshe ne na rahoto.

Bayan mun ajiye waya na yi ta juya maganar Yaya, ina tambayar kaina ko bambancin me ke tsakanin abin da fim ya yi masa da abin da wasa ya yi mini. Sai na tuna da Albert Bandura, masanin halayyar ɗan Adam da ya koyar a Jami'ar Stanford. A 1977 ya fitar da bayaninsa kan yardar mutum da iyawarsa, ya ce daga wurare huɗu take samuwa: abin da ka taɓa yi da kanka ka ga ya yiwu, abin da ka ga wani irinka ya yi, ƙarfafa gwiwar da mutane ke yi maka da baki, da kuma yadda kake fassara abin da jikinka ke yi idan ka tsorata. Ya gwada wannan a kan manyan mutane masu tsananin tsoron maciji. Wasu kallo kawai suka yi ana taɓa macijin, wasu kuma aka bi da su mataki-mataki har suka taɓa da hannunsu. Duka sun samu sauƙi, amma waɗanda suka taɓa da kansu sun fi yarda da kansu nesa ba kusa ba.

To fim yana ba ka na biyu, ka ga wani ya jure, zuciyarka ta ce ashe ana iyawa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, musamman ga wanda bai taɓa ganin mai irin rauninsa ya tsaya ba. Wasa kuwa yana ɗora maka na farko a kai. A Celeste mutuwa ba ta da wuya, tsalle ɗaya ka kuskure sai ƙaya ta soke ka, amma kafin ƙiftawar ido an mayar da kai farkon ɗakin, wato ɗan yankin hawan da kake ciki, babu tsawa, babu jira. Wasan yana ƙirga yawan faɗuwarka, har ma yana ce maka ka yi alfahari da adadin, domin shaida ce kana koyo. Akwai ɗakunan da na fara kallo na ce wannan kam ba da ni ba. Na faɗi, na sake, na faɗi, na sake, sai ga yatsuna sun gane hanya kafin kaina ya gane. Idan abin nan ya maimaitu a kanka sau da yawa, wani abu yana canzawa a yadda kake jin kalmar “ba zan iya ba”. Kana daina ɗaukarta hukunci, kana jin ta kamar rahoton halin da ake ciki a yanzu kawai.

Dole in faɗi iyakarsa, domin ina son abin nan da gaske kuma ba na son in yi masa ƙarin gishiri. Shi kansa Bandura ya nuna cewa yarda da kai tana bin fage-fage ne, wanda ya ƙware a wani abu bai zama lallai ya ji ƙarfin gwiwa a wani ba. Iya tsalle a allo bai koya mini haɗa rahoto ba, dare da rana na yi ina aikinsa. Kuma wasa yana iya zama maɓoya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar wasan bidiyo cikin kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, ga wanda wasan ya ƙwace masa ragamar rayuwa. Abin da nake auna kaina da shi mai sauƙi ne: idan na kashe allo, na fi kusa da abin da nake tsoro ko na ƙara nisa da shi?

Da daddaren nan na koma kan wasan, na buga babi na shida, wanda ya fi kowanne taɓa ni. Madeline ta yanke shawarar rabuwa da wancan ɓangaren nata, ta gaya mata cikin lallami cewa ba ta buƙatarta kuma. Ni kaina na ɗauka wannan ce mafita, ai haka ake ta gaya mana, ka kori tsoro, ka kashe shakka. Sai ɓangaren ya fusata ya jefo ta tun daga sama har gindin dutsen, duk wahalar da aka sha ta koma baya. A can ƙasa wata tsohuwa ta ba ta shawarar ta je ta saurare ta maimakon ta yaƙe ta. Da ta bi ta, ta same ta, sai ta gane cewa duk wannan baƙar maganar tsoro ne ya kawo ta: tana tsoron su faɗi, tana ƙoƙarin kare su ta hanyar da ta iya. Suka sasanta. Abin da ya fi burge ni shi ne masu wasan ba su bar sulhun a baki kawai ba. Da, sau ɗaya Madeline ke iya zabura a cikin iska, bayan sulhun sai ta koma sau biyu, kuma da wannan ƙarin ne za a sake hawa daga ƙasa har mita 3000. Wato ƙarfin da ake nema yana hannun wadda ake ta gudu.

Na yi tunanin muryar da ta tashe ni da safe. Shekara da shekaru ina ɗaukarta abokiyar gaba. Amma ita ce ta sa na duba alƙaluman nan har na haddace su, ita ce ta sa ban shiga ɗakin da ka ba. Inda take wuce gona da iri shi ne idan ta ce kada in shiga sam. Yau na saurari gargaɗinta, na ƙi bin umarninta, kuma mu biyun muka fito lafiya.

Wani abu kuma da nake girmama wasan saboda shi: yana da tsarin taimako ga wanda abin ya fi ƙarfinsa, ana iya rage gudunsa har zuwa rabi, ko a hana ƙaya kashe mutum, kuma ba a wulaƙanta wanda ya kunna shi. Wannan ya ba ni ƙarfin halin yin abin da ban saba ba. Kafin in tashi daga aiki na je wurin wata abokiyar aiki da ta ƙware a magana gaban jama'a, na roƙe ta ta saurari gwajina kafin taro na gaba, ta ce ba komai, ranar Alhamis. Na kuma rubuta sunana a jerin masu gabatarwa na wata mai zuwa. Gobe da safe, in sha Allahu, zan fara da amsar tambayar nan da na yi alkawari, sannan in Allah ya kai mu dare in fara hawan babi na bakwai.